Asabar, hannun Auta

Yau ba aiki. Niyyata wanki da barci, shi ke nan. An kwana ana ruwa, Kumasi ta wayi gari da sanyi mai daɗi, Aboabo kuwa duk caɓi. Matar Yaya ta yi sammakon kasuwar Kejetia, Yaya yana gareji tun asuba. Mma ta aiki jikarta Ladi sayen koko da ƙosai a bakin titi, ƙaninta Auta ya kafe sai ya bi ta. Ya zura ƙafa cikin silifas ɗin Yaya yana jan su, muna ta dariya, da ƙyar aka lallashe shi ya sa nasa.

Ko sabulu ban gama jiƙawa ba na ji ihunsa tun daga zaure.

Abin da ya faru bai taka kara ya karya ba. Sun zo kwatar ƙofar gida, ruwan dare ya cika ta, Auta ya toge. Ladi na riƙe da kwanon koko a hagu, shi kuma a dama, sai ta ɗaga shi sama da hannu ɗaya ta tsallakar da shi. Yana dira ya fasa kuka. Mma na ganin hannunsa na hagu a sake, kafin kowa ya buɗe baki ta kai wa Ladi mari, ta ƙara da wani. "Kin karya mini miji! Muguwa kawai!" Koko ya zube. Ladi ko kuka ba ta yi ba, ta tsaya tana kallon ƙaninta kawai.

Na ɗauke shi na zaunar a cinyata. Hannun yana manne da cikinsa, gwiwar a ɗan lanƙwashe, tafin yana kallon ƙasa. Ba kumburi, ba tabo, ba inda ya karkace. Na bi kafaɗa da yatsa, na bi damtse, na bi tsintsiyar hannu, duk bai damu ba. Da na gwada juya tafin sama sai ya ƙwalla ƙara. Na tambayi Ladi ko ya faɗi, ta girgiza kai. Na sake tambaya a hankali, don amsar tana da muhimmanci. Ta ce wallahi bai faɗi ba, ɗaga shi kawai ta yi.

Mma ta riga ta yafa mayafi, wai a kira mai ɗori na bayan masallaci.

Na ce, "Mma, don Allah ki zauna. Ba abin da ya karye."

"Ke kika shiga ciki kika gani?"

Na kama hannunta, na ce ta ba ni minti biyu. Na nuna mata cewa daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu ƙashi ɗaya ne, daga gwiwa zuwa tsintsiyar hannu kuma biyu ne a jere. Na ɓangaren ƙaramin yatsa, wanda mu ma'aikatan asibiti muke kira alna, shi ne ke buɗewa da rufewa in mutum ya kai loma baki. Na ɓangaren babban yatsa, rediyos, aikinsa daban ne: kansa a kewaye yake, yana juyawa a wuri ɗaya, shi ya sa ake iya ɗaga tafi sama a yi addu'a, a kife shi a shafa kan yaro. Abin da ke riƙe da wannan kai kada ya bar wurinsa wata jijiya ce mai tauri da ta zagaye wuyan ƙashin, bakinta biyu a dashe a jikin alna, gaba da baya. Na taɓa awarwaron da ke hannunta na ce kamar wannan take. A babba ta yi kauri ta kama wuyan ƙashin gam. A yaro ɗan shekara 2 da rabi irin Auta, siririya ce, gindinta bai gama kamawa ba, kan ƙashin ma guringuntsi ne tukuna. In aka fizgi hannu yana miƙe, tafi a kife, sai ƙashin ya ɗan zamo ƙasa, jijiyar ta haye kansa ta maƙale tsakaninsa da ƙashin damtse. Zafin da yake ji na wannan matsewar ne.

Mma ta yi shiru, sannan ta ce, "To ai gocewa ce. Gocewa kuwa aikin mai ɗori ne. Wa ya gyara ƙafar yayanki?"

Ban musa mata ba. Mutumin nan ya ɗora ƙafar Yaya, kuma ga Yaya yana takawa lafiya. Amma na ce mata nan ba abin da za a ɗora. In aka shafa man kaɗe aka jera kara aka ɗaure, jijiyar tana nan a maƙale, an ƙara wa yaro kwanakin wahala ne kawai. Abin da ya fi ba ni tsoro kuma wani ne daban. Da a ce faɗuwa ya yi ya dafa ƙasa, karayar da ta fi samun yara a gwiwar hannu tana faruwa ne a ƙarshen ƙashin damtse, daidai saman gaɓar, kuma ta gaban wurin babbar hanyar jini da jijiyoyin motsa yatsu suke wucewa. A ɗaure irin wannan da ƙarfi yana kumbura, jini ya yanke. A sashenmu na gashin ƙashi na sha riƙe hannun yaron da yatsunsa suka ƙanƙance suka naɗe saboda haka, wata da watanni muna fama, ba ya komawa yadda Allah ya yi shi. Shi ya sa ni ma, da nake ganin na gane matsalar, ban murɗa hannun Auta a tsakar gida ba. Likita ya fara dubawa tukuna.

"Ku 'yan asibiti komai sai kun tsorata mutum," in ji ta. Amma ta ɗauko jakarta.

Pragya (babur mai ƙafa uku) zuwa asibiti, layi, kati. Likitan ya ji labari, ya duba kamar yadda na duba, ya ce ba sai an ɗauki hoton ƙashi ba, don irin wannan yawanci hoto ba ya nuna komai. Ya tallafi gwiwar, babban yatsansa a kan rediyos, ya kama tsintsiyar hannun ya ƙara kife tafin da sauri. Ƙas. Auta ya tsala ihu. Bayan kamar minti goma likitan ya miƙo biskit ta ɓangaren hagu, Auta ya kai wannan hannun ya warce. Mma ta ɗaga hannu tana hamdala, har da ƙwalla, ta yi ta sa wa likita albarka. A hanyar dawowa ta sayi balan-balan.

Gida ya cika da barka. Maƙwabta na shigowa, kowa na ɗaga Auta yana juya hannun. Matar Yaya ta dawo aka ba ta labari daga farko. A duk bakin da labarin ya fito, farkonsa ɗaya ne: Ladi ce ta fizge shi.

Tun daga nan raina ya ɓaci, kuma har yanzu da nake rubutun nan bai dawo daidai ba.

Wane ne a gidan nan bai taɓa ɗaga yaro da hannu ɗaya ba? A tsaya a bakin titin Asawase da safe a ƙirga iyaye mata masu tsallakar da yara kwata haka. Yaya da kansa kullum da yamma sai ya kama Auta ta tafuka biyu ya yi ta lilo da shi, Auta na ƙyalƙyala dariya, kowa na jin daɗi. Abin nan ya fi samun yara daga shekara 1 zuwa 4, kuma ya fi yawa a hannun hagu, don mai riƙon da dama yake riƙewa. Wato manya ne suka fi jawo shi, cikin ƙauna da sauri. Yau dai ƙaddara ta faɗa a hannun yarinya 'yar shekara 8 da aka haɗa wa kwano mai zafi da ƙani mai taurin kai da kwata cike da ruwa. Da ta bar shi ya faɗa ciki, da wani dukan za ta sha. Laifi tudu ne.

Bayan la'asar na same ta a bayan tankin ruwa. Auta ya zo yana jan zanenta, ta ɗauke hannayenta ta ɓoye a baya. Wannan ya fi marin ci mini rai.

"Anti, ni na karya shi?"

Na ce ba a karya shi ba, ta zo ta ji da kanta. Na ɗora babban yatsanta a gefen gwiwar hannuna ta waje, ƙasa kaɗan da tudun ƙashin, na riƙa juya tafina sama da ƙasa. Ta ware ido. "Yana birgima!" Ta gwada a nata, ta same shi. Na gaya mata ita ma gwiwar hannunta ba ta gama zama ƙashi ba: wurare 6 ne a nan suke fara ƙanƙara ɗaya bayan ɗaya, daga wajen shekara 1 har wajen 11, nata saura. Na ce tsintsiyar hannu ƙananan ƙasusuwa 8 ne a layi biyu, kuma ranar da aka haifi Auta duk guringuntsi ne. Ta ce to me ya sa Allah bai ɗaure su da ƙarfi ba tun farko.

Tambayar ta yi mini daɗi ƙwarai. Na ce hannu don motsi aka yi shi. Ƙashin cinya yana zaune cikin rami mai zurfi a ƙugu saboda shi ke ɗaukar jiki. Kan ƙashin damtse kuwa ya fi gurbinsa girma nesa ba kusa ba, gurbin kusan a shafe yake, jijiyoyi da tsokoki 4 da suka rungume shi ne ke riƙe da shi. Shi ya sa take iya kai hannu ta sosa bayanta, shi ya sa kuma kafaɗa ta fi kowace babbar gaɓa saurin gocewa. Na sa ta taɓa gindin wuyanta, inda dogon ƙashin nan da ya taso daga kafaɗa ya haɗu da ƙashin ƙirji, na ce ta ɗaga kafaɗa. Nan kaɗai ne hannu gaba ɗaya, har da allon kafaɗa, ya haɗu da sauran ƙasusuwan jiki gaɓa da gaɓa. Saura duk tsoka ce ta rataye shi. Shekaru nawa ina wannan aiki, abin nan bai daina ba ni mamaki ba.

Sai na nuna mata yadda ake ɗaukar yaro: hannu biyu, ta hammata. In da kaya, a ajiye kayan. Ta gwada da Auta sau ɗaya, jikinta na rawa, ta dire shi da sauri.

Da magariba na sami Mma a kan sallaya. Na ce, "Mma, ki ce wa Ladi wani abu mana. Ta ɗauka ita ta nakasa shi."

"Ni zan ba jikata haƙuri? Mu da aka rene mu da tsumagiya, mun lalace ne?"

Na ce ba haƙuri nake nema ba, ta dai faɗa da bakinta cewa ba mugunta ba ce, don kalmar da ta fito da safe ita ce ta zauna wa yarinyar. Ta ja carbinta ba ta amsa ba. Da aka raba tuwo na ga ta tsame nama daga kwanonta ta sa a na Ladi. Na san abin da take nufi. Ban tabbata Ladi ta sani ba, kuma a ganina bai isa ba. Yarinya ta ji "muguwa" da kunnenta a gaban mutane, ya kamata ta ji kishiyarsa da kunnenta.

Wanki bai yiwu ba. An ɗauke wuta wajen tara. Ciwon kai kaɗan.

Na gaya wa matar Yaya cewa yaron da abin ya taɓa samu yana iya sake samunsa, sai ya kai shekara 5 zuwa 6 jijiyar ke yin ƙwari, don haka a daina lilon nan da hannu, kuma ita za ta faɗa wa Yaya tunda ya fi jin maganarta. Ni kuma gobe in sha Allah zan tare shi kan katakon da za a ɗora a kwatar nan, tun bara ake cewa za a sa. Maganar Mma ma ban bar ta ba, zan sake komawa bayan sallar asuba, lokacin da ba kowa a kusa.