Jiri kala-kala ne, na daɗe ban gane ba

A shekaruna na farko a wani asibitin sha-ka-tafi da ke ƙauye tsakanin Ringim da Taura, duk wanda ya shigo ya ce jiri na ɗibarsa, abu biyu nake kawowa a raina: ko jininsa ya yi ƙasa, ko zazzaɓin cizon sauro ne. Sai in ja fatar idonsa in duba, in ya yi fari in rubuta maganin ƙarin jini, in ba haka ba a ɗaura masa ruwa. Mutane ma hakan suke so. Wanda ya sha tafiyar awa guda a kan babur, in bai ga leda rataye a samansa ba, gani yake ba a yi masa komai ba.

Wata dattijuwa ce ta zama silar gyara mini aiki. Sau uku tana zuwa, sau uku ina sallamarta da maganin ƙarin jini. A zuwa na ukun ta ce, "Ɗan nan, ni fa ba ƙarfi na rasa ba. Ɗakin ne ke juyawa da ni." In ta juya dama a shimfiɗa, ko ta sunkuya za ta yi sujada, sai hajijiya ta kwashe ta, har ta koma yin salla a zaune. A gida an yi hayaƙi, an yi tofi, ana zaton iska ce. Na ji maganarta sarai, amma ban san inda zan ajiye ta ba.

Allah ya sa a makon wani likita ya zo zagayen duba aiki. Ya gaishe ta, ya ce, "Inna, in abin ya zo, minti nawa yake yi? Me ke tayar da shi?" Ta ce ba ya kai tsawon karanta Fatiha biyu. Ya zaunar da ita a kan gadon awo, ya karkata kanta dama, ya kwantar da ita rigingine da sauri, kan ya ɗan zarce bakin gadon. Bayan 'yan daƙiƙoƙi ta damƙe hannun rigata tana salati. Ya ce in kalli idonta. Ƙwayar idon na fizga, tana murɗawa, kamar ana jan ta da zare. Kafin minti ɗaya ta tsaya cak.

Abin da ya bayyana mini ranar ya zauna mini daram. Can cikin kunne akwai wasu ƙananan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, su ke sanar da ƙwaƙwalwa duk inda kai ya juya. Kusa da su akwai 'yan tsakuwoyi na sinadarin kalsiyam, ƙanana matuƙa. Tsufa ko buguwar kai kan sa wasu su zame su faɗa cikin bututun. Da mutum ya motsa kai sai su gangara, ruwan ya motsa, kunne ya ce ana juyawa, ido kuwa ya ce ana tsaye. Wannan saɓanin ne hajijiyar. Maganin kuma ba ƙwaya ba ne. Jujjuya kan ake yi mataki-mataki, ana dakatawa kamar rabin minti zuwa minti ɗaya a kowane mataki, har tsakuwar ta koma mazauninta. Wani likitan Amurka, John Epley, shi ya wallafa dabarar a 1992. Ba a yi wa mai matsalar ƙashin wuya ita da garaje, kuma ina ganin wajibi ne ma'aikaci ya koya a hannun wanda ya iya kafin ya taɓa kan kowa. Bayan kwana biyu jikarta ta zo ta ce Inna ta yi sujada.

Tun daga nan na daina jin kalmar jiri in wuce. Wani juwa yake nufi, duhu-duhu in ya miƙe tsaye. Irin wannan nakan auna hawan jininsa a kwance, in sake aunawa ya miƙe. In lambar sama ta sauka da 20, ko ta ƙasa da 10 cikin minti uku, na san inda zan nufa. A bazara da lokacin azumi yawanci rashin ruwa ne a jiki, ko gudawa, ko maganin hawan jini da ya yi wa tsoho yawa. Mai jego da ta zubar da jini kuwa, ita ce ainihin mai buƙatar awon jini. Mai ciwon sukari da ya sha ƙwaya ya tafi gona bai karya ba, zai zo da gumi da rawar jiki.

Yanzu nakan ce a kawo mini ledar magungunan gida gaba ɗaya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne allurar gentamicin da ake dankara wa mutane a kemis ba lissafi. Tana iya lalata sashen daidaito na kunne, lalacewar da sau da yawa ba ta gyaruwa. Magungunan jiri irin su Stugeron da Stemetil ma na 'yan kwanaki ne kawai. In aka zarce, suna hana ƙwaƙwalwa sabawa, su sa tsoho gyangyaɗi har ya faɗi.

Akwai mai hajijiyar da kan kai minti 20 zuwa awanni, da ƙara a kunne da raguwar ji. Shi nakan ce ya rage gishiri da dunƙule, in tura shi wajen likitocin kunne a Asibitin Malam Aminu Kano. Wanda kuma ba na bari ya ƙara ko awa ɗaya a wurinmu shi ne mai jirin da ya zo farat ɗaya tare da harɗewar harshe, ganin abu bibbiyu, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, ko kasa tsayuwa sam. Wannan yana iya zama shanyewar ɓarin jiki. Ko tsakar dare ne a nemo mota, ko da 'yan uwa na roƙon a fara ɗaura ruwa.

Hajijiyar tsakuwa takan dawo wa wasu, kuma ta dawo wa dattijuwar bayan damina. Da ƙafarta ta zo, jikarta na riƙe da ita. Ba ta ko kalli sandar ƙarin ruwa ba, ta wuce ta zauna bakin gadon awo, ta gyara lulluɓinta ta ce, "Ɗan nan, tsakuwar nan ta sake zamewa. Wannan karon ta hagu ce."