Sandar awo da ragowar maganin ido

Shekara uku na yi cikin masu rabon maganin amosanin ido a ƙauyukan Gwadabawa, nan jihar Sakkwato. Gida-gida muke bi, mai ciwo da lafiyayye, sau ɗaya a shekara. Yaro ya jingina da sandar awo, in duba inda kansa ya tsaya, in zuba masa ruwan azithromycin daidai tsawonsa. Babba ƙwaya huɗu, ya haɗiye a gabana. Jaririn da bai cika wata shida ba, man ido na tetracycline ake ba uwarsa.

Ba a daɗe ba mutane suka lura maganin yana kwantar da tarin yara. Wata tsohuwa ta tare ni a zaure, ta kama bakin jakata: "Ɗan nan, ko biyu ka ba ni in ajiye wa jikana saboda hunturu." Na ji nauyinta, na ba ta. Kashegari maƙwabtanta uku ne ke jirana.

Da mai duba aikinmu ta ƙirga ƙwayoyi, lissafi ya ƙi daidaita da rajista. Na zaci faɗa zan sha, sai ta zaunar da ni a gindin dogonyaro. Ta ce ƙwayar cutar idon har yanzu tana jin maganin. Damuwar tana wajen wasu ƙwayoyin cuta da ke zaune a hanci da hanjin yara, irin masu kawo ciwon huhu da gudawa. Duk rabo, maganin yana kashe masu rauni, masu taurin kai su tsira su hayayyafa. An ga haka a Habasha, an gani a maƙwabtanmu Nijar. In aka daina rabo, taurin kan yakan ragu sannu a hankali, amma ƙwayar magani biyu yau, ɗaya gobe, horar da ƙwayoyin cutar ne kawai muke yi. Ranar da jikan tsohuwar zai kamu da ciwon huhu na gaske, wataƙila maganin ya zama ruwa.

Tun daga ranar nake ƙirga ragowa a gaban mai unguwa kafin in rufe jaka, kuma nakan tsaya in yi maganar wanke fuskar yara da ƙudaje, abin da a da nake tsallakewa don sauri. Tsohuwar kuwa, da na koma in karɓi ƙwayoyin, ta ce ta riga ta ba akuyarta ɗaya.