Karkandar arewacin Kamaru ta ƙare, ba wanda ya yi mata kuka

Da an ambaci karkanda, hankalin yawancinmu sai ya tafi Kenya ko Afirka ta Kudu. Alhali ba da daɗewa ba akwai ta a dazukan arewacin Kamaru, yankin Binuwai da Buba Njida, can gaba da Garwa, garin da 'yan kasuwarmu ke zuwa. Baƙar karkanda ce irin ta yammacin Afirka, kuma nan ne mafakarta ta ƙarshe. A 2006 masu bincike suka karaɗe dajin, ko sahunta ba su tabbatar ba. A 2011 hukumar IUCN, mai sa ido kan halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta bayyana cewa irin ya ƙare a duniya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban taɓa jin an tayar da zancen a majalisar hira ko ɗaya ba.

Ƙahon ne ya jawo mata. A da Yaman ake kai shi a yi ƙotar wuƙar ado, yanzu kuwa kasuwarsa tana Biyetnam da Sin, inda ake niƙa shi da sunan magani, wasu kuma su ajiye don nuna arziki. Sinadarin da ke cikinsa shi ne na farcen ɗan Adam, ba ya warkar da komai. An haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1977, amma a Afirka ta Kudu kaɗai an kashe karkanda 1,215 a 2014, alhali a 2007 guda 13 ne.

Labarin Chadi ne nake yawan tunawa. A watan Mayun 2018 aka ɗauko baƙaƙen karkanda shida a jirgin sama daga Afirka ta Kudu zuwa gandun dajin Zakuma, bayan ƙasar ta shafe shekaru fiye da 40 babu ko ɗaya. Kafin shekarar ta fita huɗu sun mutu. Ba mafarauta suka harbe su ba, abincin dajin ne bai karɓe su ba, suka rame. Wannan fa shi ne abin da mutane ba sa ganewa: irin da ya saba da ganyen wannan ƙasa da ranin nan namu shi ne wanda ya ƙare, baƙo kuwa sai ya koya daga farko. Ƙungiyar African Parks, mai kula da Zakuma tun 2010, ba ta karaya ba, ta ƙara kawo biyar a ƙarshen 2023.

Akwai kuma mutanen da ke tsaron dajin. A Satumbar 2012 mafarautan giwa suka afka wa masu gadin Zakuma suna sallar asuba, suka kashe biyar, na shida ba a sake ganinsa ba. Allah ya jiƙansu. Magidanta ne masu iyali, kuma irinsu ne ke kwana a daji don dabbar da aka kashe maƙudan kuɗi aka kawo. Ni a ganina, duk ƙasar da ke son dawo da karkanda, ta fara da albashin mai gadi da kayan aikinsa, da kuma makiyaya da manoman da ke gefen dajin, domin su ne ke fara ganin baƙon mahayi ɗauke da bindiga.