Layin da ya ƙi goguwa

Ina cikin wata na biyu da fara koyon aiki a wani shagon buga takardu kusa da babbar kasuwar Maraɗi, sai wata ɗalibar jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta kawo kundin kammala karatunta, tana so a kewaye kalaman sadaukarwa da akwati. Hanya ɗaya na sani a lokacin: in zana murabba'i bisa rubutun. Ya yi kyau, har zuwa sa'ad da ta ce a ƙara sunan kakarta. Rubutu ya gangara ƙasa, akwati yana nan inda na bar shi.

Maigidana ya leƙo, ya ce: "Kai yaro, wannan ai ka ɗinka riga ne ka rataye a ƙusa. Sa wa mai ita."

Word ɗinmu, wato manhajar da muke rubutu da ita a kwamfuta, na Faransanci ne, kamar na yawancin shagunan garin. Maigidan ya shiga Accueil, ya buɗe Bordure et trame, wato wurin sa iyaka da inuwa, ya zaɓi kaurin layi, sannan ya ɗora yatsa kan ɗan gurbin Appliquer à. Nan ne fa zancen yake. In ka zaɓi Texte, kalmomin da ka shafa kaɗai za a kewaye, layi-layi, abin ba kyan gani. In ka zaɓi Paragraphe, iyakar ta zama ta sakin layin, ya ƙaru ta ƙaru, ya matsa ta bi shi. Tana ajiye ne cikin alamar ¶ da ke ƙarshensa, shi ya sa in ka danna Entrée sabon sakin layi yake gadonta. Kuma sakin layi biyu da ke jere ba sa haɗuwa cikin akwati guda sai tazararsu daga gefen takarda ta zo ɗaya.

A ranar na gane wani layi da ya taɓa cinye mini rabin yini. Na buga karan ɗori uku na danna Entrée, Word ya mayar da su dogon layi, na yi ta gogewa ya ƙi. Ashe iyakar ƙasa ce ta sakin layin da ke samansa. Can ake komawa a zaɓi Aucune bordure, ko a danna Ctrl+Z tun da zafinsa.

Inuwar bayan rubutu kuwa, injin fotokofi ne malamina. Na zuba wa wata sanarwar ɗaurin aure shuɗi mai duhu, a allon kwamfuta sai ka ce shadda. Da aka fitar da ita baƙi da fari, sunan ango ya nutse, muka yi asarar takarda hamsin. Yanzu toka-toka ta kashi 10 ko 15 cikin ɗari nake sawa, kuma kafin in taɓa launi sai na tambayi mai aikin: "Alhaji, kala za a fitar ko fotokofi?"