Darussan da na koya wajen haɗa amfilifayar faifai mai bawul a Gusau

Duk wanda ya taɓa jona na'urar juya faifai kai tsaye da amfilifayar zamani ya san abin da ke fitowa: sauti ƙasa-ƙasa, siriri, babu nauyin ganga ko kaɗan. Dalilin haka kashi biyu ne. Wutar da kan allura ke samarwa yawanci ba ta wuce kusan milibolt 5 ba (milibolt kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt), saboda haka sai an ninka ta kusan sau 100 kafin ta yi amfani. Bayan haka, tun a wurin yanka faifan ake rage ƙarfin sauti mai kauri, a ƙara na siriri, domin layukan faifan su ɗauki waƙa mai tsawo kuma ƙarar ƙura ta ragu. Ƙa'idar da ake bi wajen wannan ita ce ta RIAA, wato ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, wadda aka tsayar a 1954, kuma aikin ƙaramar amfilifayar da ke gaban allura shi ne ta juya wannan ƙa'ida, ta mayar wa sautin kamanninsa na asali. Faya-fayen makaɗan fada na ƙasar Zamfara da muka gada a gida su suka sa na ɗauki niyyar haɗa tawa da hannuna.

Na zaɓi bawul ECC83, wanda Amurkawa ke kira 12AX7. Kamfanin RCA ya fito da shi a 1947, kuma har yau ana ƙera shi. Kwalba ce ƙarama mai ƙafa tara, da sassa biyu masu ƙara ƙarfi a cikinta. Zanen haɗin bai da wuya: bawul biyu, 'yan rasista (masu rage gudun wuta) da kafasita (masu tara wuta su riƙe ta), sai taransifoma mai ba da bolt 250 zuwa 300 ga bawul ɗin da kuma bolt 6.3 na ɗumama shi. Babban abin da aikin ya koya mini shi ne cewa zanen takarda yana nuna abin da za a haɗa da wane, amma ba ya faɗin inda kowane abu zai zauna a cikin akwati, kuma a nan yawancin wahalar take.

Ƙugi, wato ƙarar nan mai kauri da ke fita a lasifika ba tsayawa, shi ne abokin gaba na farko, kuma akwai dalilin lissafi da ya sa ya fi addabar wannan na'ura a kan sauran. Wutar lantarkinmu a Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. A daidai wannan mataki amfilifayar, wajen juya ƙa'idar RIAA, ke ɗaga sauti mai kauri, har ninkin da ya kasance 100 a tsakiyar sauti ya kai kusan 700. Ke nan ɗan abin da ya tsallako daga taransifoma ko daga wayar ɗumama bawul, wanda a rediyo ba za a ji shi ba, a nan sai ya cika ɗaki.

Wani dattijo mai gyaran rediyo a kasuwar Gusau, wanda ya yi aiki tun zamanin rediyo mai kwalba, shi ya nuna mini hanyar bin sawun ƙugin. Ya ce mini, "Ɗana, kada ka taɓa dalma sai ka san ta ƙofar da ɓarawon ya shigo." Hanyar kuwa ita ce a cire wayar allura, a haɗe bakin shigar sauti da layin ƙasa, wato layin da wuta ke komawa ta kansa wanda ke haɗe da jikin akwati. Idan ƙugin ya ɗauke, to daga na'urar juya faifai yake ko daga wayarta, kuma sau da yawa siririyar wayar ƙasa ce ba a ɗaure ta da jikin akwati ba. Idan ya ci gaba, a cikin amfilifayar yake, sai a saurari muryarsa. Mai kauri sosai, na juyi 50, yana nuna wayar ɗumama ko maganaɗisun taransifoma. Wanda ya ɗan fi shi tashi, na juyi 100, yana nuna cewa kafasitocin tace wuta sun gaza. Yanzu manhajar auna sauti ta wayar hannu tana bambance su nan take. Akwai kuma wata shaida da yanayinmu ke bayarwa kyauta: idan ana kan janareta, muryar ƙugin takan hau ta sauka tare da gudun injin, abin da ke tabbatar da cewa daga layin wuta yake.

Nawa ƙugin na juyi 50 ne, kuma matakai uku suka kashe shi. Na murɗe wayoyin ɗumama biyu tamkar igiya, na kwantar da su a kusurwar akwati nesa da ƙafar da sauti ke shiga. Na tattara duk wayoyin ƙasa a wuri guda kusa da bakin shiga, maimakon kowace ta kama jikin ƙarfe inda ta ga dama, domin idan hanyoyin komawar wuta suka yi yawa sukan zama zobe mai kwasar maganaɗisu. Daga ƙarshe na fitar da taransifoma zuwa nata akwatin. Kowane mataki na yi shi shi kaɗai, na saurara, na rubuta sakamakon kafin na wuce gaba. A ganina wannan ɗabi'a ta fi kowane kayan aiki daraja, domin wanda ya canza abu uku a lokaci guda, ko gyaran ya yi, bai san wanne ya yi aikin ba.

Darasi na biyu ya fi ɓoyuwa. Ƙa'idar RIAA tana lanƙwasa, ma'ana tana sauya yadda ake ɗaga sauti ko rage shi, a wurare uku, wato juyi 50, 500 da 2,122 a daƙiƙa, kuma rasista da kafasitan da ke samar da wannan lanƙwasa dole ƙimarsu ta yi daidai. Sai dai bawul ɗin farko shi ma yana da tasa turjiyar, wadda ke kai kusan kilo-om 38 (kilo-om ma'aunin turjiyar wuta ne) idan an ɗora masa rasista mai kilo-om 100, kuma tana shiga lissafin ko da ba a zana ta ba. Wanda bai cire ta daga ƙimar rasistar farko ba zai samu sauti mai fita, amma ma'auninsa a karkace: kotso ya yi nauyin da ba nasa ba, muryar makaɗi ta koma baya. Saboda haka nake auna kowane kafasita da mita kafin na like shi, ba na dogara da lambar da ke jikinsa, musamman wanda aka ciro daga tsohuwar na'ura.

Bawul kuma yana jin motsi. Idan aka ƙwanƙwasa shi da fensir aka ji ƙararrawa a lasifika, sai a sa roba a ƙarƙashin mazauninsa ko a sauya shi.

Maganar haɗari ba ta wasa ba ce. Kafasita mai bolt 300 yana riƙe wuta bayan an kashe na'ura, don haka na sa rasista mai kilo-om 220 a kansa domin ta tsotse wutar a hankali, kuma ba na sa hannu sai mita ta nuna cewa ta sauka.

Sauran darussan yanayin Zamfara ne ya koyar da su, kuma ba a samun su a zanen da aka yi don ƙasashen sanyi. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40, ga kuma zafin bawul a cikin rufaffen akwati, alhali rayuwar kafasitan tace wuta tana raguwa da kusan rabi a duk ƙarin digiri 10. Shi ya sa nake neman masu lambar digiri 105, na huda ramukan iska a sama da ƙasan akwatin. Ƙurar hunturu da ta kwanta a mazaunin bawul ba ta damun kowa a lokacin rani, amma da zarar damina ta sauka ta jiƙa ta, sai wuta ta fara yoyo tsakanin ƙafafun, a riƙa jin tsartsatsi kamar faifan ne ya lalace. Saboda haka kafin ruwan farko nake buɗe akwatin, na tabbatar wuta ta sauka, na zare bawul ɗin, na goge mazauninsu da sifirit da ƙaramin buroshi.