Wayar da ke cikin bangon ɗakin yara

Yau da hantsi mai gyaran wutar da na ɗauko ya zo duba ginin da muke yi a Rumde Ajiya, nan Garwa. Sati biyu na yi ina cigiya kafin na samu mai takardar CAP, wato shaidar ƙwarewa a sana'a, ta aikin lantarki, wanda ya nuna mini ita ba tare da ya ɓata rai ba. Da muka shiga ɗakin yara sai ya zaro wayar da yaron magini ya riga ya binne a bango, ya yanka ta da filaya, ya kankare bakinta da wuƙa. Jan nan na sama ya goge, ciki fari fat. Ya ce, "Hajiya, wannan ba tagulla ba ce, alminiyom ne aka shafa wa launi. Kuma siririya ce, ko ga kwan fitila ba zan sa ta ba. Soket sai waya mai kauri 2.5 mm², ga shi babu wayar ƙasa, mai kare mutum daga jan wuta, ko ɗaya a gidan nan."

Na tsaya riƙe da guntun wayar a tafin hannuna, jikina ya yi sanyi. Na tuna zafin watan Afrilu, fanka da firji suna aiki dare da rana, yarana uku suna barci a jikin bangon nan, ƙofa a rufe. Wallahi kuɗin aikinsa ya ninka na farko, sai an fasa filasta an sake ja, kuma fentin da na ci buri zai jira har bayan damina. Na ce ya fasa filastar. Guntun wayar yana cikin jakata har yanzu, na kasa yar da shi.