Gingimarin albasa a tafin hannu

Alhamdulillahi, na kammala 'yar gingimarin da nake haɗawa, samfurin Marsandi 911 mai bodin katako, irin masu lodin albasa daga Aliero zuwa Kudu.

Muna yara a Jega da ido kawai muke yin motar kara da ta gwangwani, in ta gungura shi ke nan. Yanzu da ma'auni nake aiki, 1:24, wato kowane santimita 24 na babbar mota ya koma santimita 1. Tayar da ta kai mita guda sai ta dawo santimita 4 da 'yan kai. Nan wahalar take, don in taya ta ɗara da ƙiris, motar duka ta fita kamanninta, ko yaro ya kalla zai ce da sake.

Daga tsohon silifas na yanko tayoyin, na bi su da reza ina fitar da zanen roba layi-layi. Kan motar, mai gajeren hancin nan zagayayye, da gwangwanin madara na lanƙwasa shi, kuma shi ya fi cin raina da lokacina. Bodi kuwa siraran katako ne da gam.

Na kai ta tasha, wani dattijon direba ya daɗe yana jujjuya ta a hannu, sannan ya ce, "Ɗana, saura buta da tabarmar yaron mota." Na ce, "Baba, an gama." Wallahi maganar nan ta faranta mini rai.

Tirelar shanu ce a gaba in sha Allahu. Mai hoton ƙarƙashinta, don Allah ya turo mini.